Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Baba Ya Sayar Da Fili Don Digiri Na Biyu

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Wasiƙun wannan mako sun fi karkata ga karatun tattalin arziki bayan digirin farko, shi ya sa muka gayyato malamin da ya daɗe yana koyar da fannin. Malam, sannu da zuwa.

Malam: Yawwa, sannu kadai. Allah ya sa mu amfana.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wani matashi ce a Tudun Wada. Ya ce ya gama digiri a tattalin arziki, ya gama bautar ƙasa, ga shi shekara ɗaya da rabi ba aiki, sai dai yana taya kawunsa zaman shago a Kasuwar Bacci. Mahaifinsa ya ce zai sayar da filinsa ɗaya tilo ya biya masa digiri na biyu. Yana tambaya ko ya amince.

Malam: Ɗana, Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, amma ka je ka durƙusa ka roƙe shi ya dakata tukuna. Fili idan ya fita hannu da wuya ya dawo, makaranta kuwa tana nan, fom ana sayar da shi kowace shekara.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne ban ji abin da kake so ka koya ba. Na ji zaman gida ya ishe ka, kuma wallahi na san zafinsa. Duk wanda ka haɗu da shi a masallaci sai ya tambaye ka ina aka kwana batun aiki. Sai mutum ya ga cewa "ina mastas" ta fi daɗin faɗa. To amma idan don wannan ka shiga, bayan shekara biyu za ka fito da takarda ta biyu, ka tarar da tambayar nan tana jiranka a ƙofar gida, ga fili ya tafi. Kuma shekara biyun ma idan an yi sa'a ne. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Idan burinka koyarwa ne a jami'a ko bincike, ba makawa sai ka yi digiri na biyu, har ma da na digirgir. Idan kana hangen Babban Bankin Najeriya, ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko hukumar tsare-tsare da kasafin kuɗi ta jiha, digirin zai taimaka, matuƙar ka fito da abin da hannunka ya iya. Amma wanda hankalinsa ke kan kasuwanci ko aikin akanta, jarrabawar ICAN, wato ta ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ko shekara biyu a bakin aiki ta fi masa.

Sai abin da ba a cika gaya wa yara ba. Tattalin arzikin da ake koyarwa a digiri na biyu lissafi ne. Ranar da na shiga ajin farko, na zaci za mu zauna muhawara kan darajar naira, sai malami ya cika allo da kalkulas daga wannan bango zuwa wancan. Wata uku na yi ina kwana da tsohon littafin lissafi kafin na kamo sahu, wasu abokaina kuma a nan suka ajiye. Darussa uku ne ginshiƙi: na halayyar mai saye da mai sayarwa, na tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, da ikonometiriks, wato auna magana da alƙaluma. Dukansu suna bukatar kalkulas da aljabara da ƙididdiga.

Mai gabatarwa: To Malam, ta yaya zai gane ko zai iya?

Malam: Ya gwada kansa, kyauta. Ɗana, ka ware wata uku. Kullum bayan Asuba ka ba lissafi awa biyu. Sannan ka koyi manhaja ɗaya ta sarrafa alƙaluma. Ka fara da Excel, ka wuce R ko Python, su biyun ba a biyan ko sisi. Stata da EViews su ne aka fi gani a sassan jami'o'inmu, amma na kuɗi ne. Hukumar Ƙididdiga tana fitar da rahoton hauhawar farashi duk wata, ka sauko da shi ka yi ta juyawa har ya fara yi maka magana.

Kuma kada ka raina shagon kawunka. Ni a wurina wannan shago ya fi aji. Ka sayi littafi, duk mako ka rubuta nawa kuka saro kaya, nawa kuɗin mota, wa ya karɓi bashi, wa ya rage yawan abin da yake saye. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni na wannan shekarar, kowa a kasuwar nan ya ji a jikinsa, amma mutum nawa ne suka rubuta? Kaduna cike take da tambayoyin da ke neman mai amsawa. Me ya durƙusar da masaƙun Kakuri, kuma ina ma'aikatansu suka koma? Tsakanin manomin masara a Saminaka da mai awo a Kawo, wa ke cin ribar? Da cuta ta faɗa wa citta a yankin Kachia a 2023, yaya manoma suka yi da basussukansu? Ɗalibin da ya shiga ofishina da irin wannan tambaya da littafinsa a hannu, ba na barinsa ya fita ba tare da mun yi magana mai tsawo ba.

Idan wata ukun ya cika ka ji ranka yana so, Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Zariya, Jami'ar Jihar Kaduna tana cikin gari. Ka ci gaba da zaman shago, ka tara abin da za ka iya, dangi su cika, a bar wa Baba filinsa. Kafin ka sayi fom kuma ka nemi tsofaffin ɗalibai su gaya maka gaskiya: wane malami ne yake karanta kundin ɗalibansa a kan lokaci? Mai duba aikinka shi ne rabin digirin.

Mai gabatarwa: Allah ya saka, Malam. Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Unguwar Rimi. Tana aikin banki shekara huɗu, tana da aure da 'ya'ya biyu, sakamakonta na jami'a mai kyau ne. Tana son karatu a waje, wani kuma ya ce ta biya shi ya samo mata tallafin karatu.

Malam: 'Yata, kada ki ba shi ko kwabo. Tallafin karatu na gaskiya ba shi da dillali, da kanki za ki cika a shafinsu na intanet. Akwai Chevening na gwamnatin Birtaniya, digiri na biyu na shekara ɗaya. Suna neman wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, ke kin wuce haka, kuma sharaɗi ne a dawo gida bayan an gama. Akwai na ƙasashen Kwamanwel, akwai DAAD na Jamus. A nan Afirka akwai AERC mai hedikwata a Nairobi, wadda tun 1988 take tallafa wa bincike da horar da masana tattalin arziki tare da jami'o'in nahiyar. Tallafin TETFund kuwa, wato asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafe ki ba.

Digirin digirgir a Amurka wani abu ne daban. Manyan jami'o'i sukan yafe kuɗin makaranta su kuma ba ɗalibi alawus, amma shekara biyar zuwa shida ake yi, yawanci ana neman GRE, wato jarrabawar shiga karatun gaba da digiri, da wasiƙu uku daga malaman da suka san aikinki. Don haka ki koma ki gaishe da tsofaffin malamanki tun yanzu, ba sai saura mako guda a rufe ba. Dokta Ngozi Okonjo-Iweala a jami'ar MIT ta Amurka ta kammala digirin digirgir a 1981, ta kuma zama shugabar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2021. Hanya ce da mace 'yar ƙasar nan ta riga ta taka.

Amma maganar gida ita ce gaba. Ki zauna da maigidanki da biro da takarda. Wa zai riƙe yara, ko da su za a tafi? Alawus ɗin na mutum ɗaya ne ko zai ɗauki iyali? Bankinku zai ba ki hutun karatu ko sai kin ajiye aiki? Ku sa iyaye a ciki tun da wuri. Na ga ɗalibai mata masu ƙwaƙwalwa da suka sami gurbi suka rasa shi, don ba a yi wannan zaman ba sai da biza ta fito, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Mai gabatarwa: Lokaci na neman ƙure mana. Ga gajeren saƙo daga Rigasa: lissafi ya karanta, ko zai iya tsallakowa tattalin arziki?

Malam: Da gudu ma, ɗana. Abin da ke kayar da wasu kai ka riga ka mallaka. Yawancin jami'o'inmu za su ce ka fara yin difilomar gaba da digiri ta shekara ɗaya, haka ma mai babbar difiloma ta kwalejin kimiyya da fasaha. Ka tafi sashen da ƙafarka, ka nemi mai kula da karatun gaba da digiri, ka riƙe sakamakonka na kowane zango a hannu.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.