Ƙullutu a Gidan Ƙwai: Yadda Ake Aikin da Yadda Ake Jinya

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, da ku maza da kuke kallo a madadin iyali.

An yi sikanin, likita ya ce akwai ƙullutu a gidan ƙwai. Kafin hankali ya tashi, ki sani ba kowane ƙullutu ake shiga ɗakin tiyata dominsa ba. Gidan ƙwai biyu ne, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. Kowane wata ƙwai yana nuna a cikin 'yar jakar ruwa, wani lokacin sai jakar ta ƙi fashewa ta yi ta tara ruwa. Irin wannan yakan baje da kansa bayan al'ada 2 ko 3. Idan likita ya ce ki je ki dawo a sake hoto, ba sakaci ya yi ba.

Wanda ake cirewa shi ne wanda ya ƙi tafiya, ko yake ƙara girma, ko ya hana ki sakat da ciwon mara, ko hotonsa ya sa ana zargin ciwon daji, musamman ga wadda ta daina al'ada. Akwai ma wani iri da ake buɗewa a tarar da gashi da kitse, har da haƙori. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin iska ba. Ƙwayoyin halittar jikinki ne suka tsiro a inda ba wurinsu ba.

Aikin hanya biyu ne. Ta farko lafaroskofi: a sa ki barci, a huda ciki wuri 3 ko 4, kowace huda ba ta fi santimita ɗaya ba sosai, a hura iska cikin ya ɗago, a zura kyamara, likita yana aiki yana kallon allo. Da yawa suna komawa gida a ranar ko washegari, cikin mako 1 zuwa 2 an fara harkoki. Kada ki yi mamaki idan kin farka kafaɗa na ciwo, ragowar iskar ce, kwana kaɗan za ta wuce.

Ta biyu a yanka ƙasan cibiya kamar aikin haihuwa. Ana zaɓar wannan idan ƙullutun ya yi girma sosai, ko ana tsoron ya fashe a ciki alhali ana zargin daji, ko asibitin ba shi da na'urar. Za ki kwana 'yan kwanaki a asibiti, warkewa kuma mako 4 zuwa 6, wani lokacin fiye.

To ga tambayar da na fi so ki yi kafin ke ko maigida ku sa hannu: "Likita, ƙullutun kaɗai za a cire, ko har da gidan ƙwan?" Ga mai neman haihuwa, likita kan yi ƙoƙari ya ɓare ƙullutun ya bar gidan ƙwan. Ko an cire ɗaya, ɗayan ya isa a yi al'ada, a ɗauki ciki da yardar Allah, domin mahaifa tana nan. Amma idan duka biyun aka cire, al'ada ta tsaya ke nan. Wannan magana ce ta kafin aiki, ba bayan an farka ba.

A gida kuma, ki riƙa ɗan takawa tun ranar farko, yana hana jini daskarewa a ƙafa. Ban da daka, ban da ɗaukar jarkar ruwa ko goyo. Salla a zaune ta halatta har ruku'u ya daina ja miki ɗinki. Kada a shafa wa ciwon komai, ko man zafi ko garin magani, kuma kada a gasa wurin da ruwan zafi. Kusantar maigida sai likita ya ba da izini.

Zazzaɓi, mugunya ko wari daga ɗinki, jini mai yawa, kumburin sha-raɓa, numfashi sama-sama: a koma asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Haka ma wadda ba a yi wa aikin ba tukuna, idan ciwo mai tsanani ya turnuƙe ta a gefe ɗaya tare da amai, wataƙila gidan ƙwan ne ya murɗe, jini ya daina isa gare shi.

Abin da aka ciro kuma ana kai shi ɗakin gwaji. Ki koma ki karɓi sakamakon, likita ya karanta miki.