Ƙwayar halittar da ta tsufa ta ƙi tafiya

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su kan yadda tsufa ke farawa tun daga cikin ƙwayoyin halittar jikinmu.

Na farko, ƙwayar halitta tana da iyaka. A 1912 wani likita Bafaranshe, Alexis Carrel, ya sa tsokar zuciyar ɗan tsako a kwalba a New York, ya ce muddin ana ba ta abinci ba za ta daina hayayyafa ba. Mutum ne mai lambar Nobel, wa zai ja da shi? Sai a 1961 wani mai bincike, Leonard Hayflick, ya zauna ya ƙirga. Ƙwayar ɗan Adam tana rabuwa biyu kusan sau 50, sai ta tsaya cak. Ya daskarar da wasu, ya narkar bayan watanni, suka ɗora ƙirgen daga inda suka tsaya. Dalilin yana ƙarshen zaren gadonmu, wajen da ake kira telomiya, wanda duk rabuwa sai ya ragu kaɗan. Kan wannan aka ba Blackburn da Greider da Szostak lambar Nobel a 2009.

Na biyu, kuma nan ku gyara zama, don shi ya fi tsaya mini a rai. Idan ƙwayar ta tsaya, ba mutuwa take yi ba. Sai ta ƙara girma, ta baje, ta zauna daram, ta riƙa zubo sinadaran da ke kawo kumburi suna lalata naman da ke kewaye da ita, har maƙwabtanta su ma su tsufa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Lokacin ƙuruciya garkuwar jiki na bi tana kwashe su. Da shekaru suka ja, ita ma garkuwar ta gaji, sai su taru a gwiwa, a huhu, a kitse, a fata. Baba, na ga ka dafa gwiwa! (Dariya.)

A 2011, a cibiyar Mayo da ke Amurka, aka samar da ɓeraye masu saurin tsufa da za a iya kashe irin waɗannan ƙwayoyin a jikinsu, su kaɗai. Da aka yi, yanar ido ta yi jinkirin zuwa, tsoka ba ta zube da wuri ba. A 2016 aka sake da ɓeraye masu tsufa yadda aka saba, kwanansu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ɓeraye fa, jama'a. Ku riƙe wannan, ɓeraye.

Na uku, to me ya sa aka halicce mu da wannan tsufar ƙwayar, tunda ɓarna take yi? Kowa ya dubi hannunsa ko wuyansa. Akwai mai tawadar Allah, ɗan baƙin ɗigon nan? Da yawansu ƙwayoyi ne da suka samu tangarɗa irin wadda ke fara ciwon daji na fata. Sun fara yaɗuwa, sai jiki ya tsayar da su, suka tsufa a nan. Shi ya sa ɗigon ke shekara 40 bai motsa ba. Tsufar nan ita ta tsare ka. Ita ce kuma ke taimaka wa rauni ya warke. Sannan kusan tara cikin goma na ciwon daji, dabararsu ke nan: su kunna sinadarin da ke sake tsawaita telomiya, su ƙetare iyakar Hayflick. Saboda haka idan ka ga mai tallar ƙwayar magani a Facebook yana cewa za ta tsawaita maka telomiya, don Allah ka riƙe kuɗinka. Ina maimaitawa, abin da ke tsufar da mu shi ke tsare mu. Masu bincike suna gwada magunguna irin su dasatinib da quercetin a kan mutane, amma gwajin ƙanana ne, ba a kai ga rubuta wa kowa ba.

Kai, lokaci! Na ƙarshe a gurguje. A 1993 Cynthia Kenyon ta sauya ƙwayar gado ɗaya tak a wata 'yar tsutsa, kwananta ya ninka. A 2009 maganin rapamycin ya ƙara wa tsofaffin ɓeraye kwana, mata kashi 14 cikin 100, maza kashi 9, sai dai yana raunana garkuwar jiki. Na'am, Hajiya?

(Wata baiwar Allah ta tambaya ko azumi na rage tsufa.)

Tambaya mai kyau, Hajiya. Tun 1935 Clive McCay ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa. Kuma idan ƙwaya ta ji yunwa, tana juyawa ta cinye tarkacen cikinta ta sabunta kanta. Kan wannan Yoshinori Ohsumi na Japan ya ci Nobel a 2016, kuma a kan yis ya yi aikinsa. A mutane, wani gwaji a Amurka ya sa masu lafiya rage ci na shekara biyu. An nemi su rage kashi 25, suka iya kusan 12, duk da haka hawan jini da kitsen jini suka sauka. Amma ɓerayen McCay ba sa shan ruwa da ƙosai da kunu da soyayyen dankali su rama na yini, Hajiya. (Dariya.) Jimillar abin da ya shiga ciki ake dubawa. Kuma mai ciwon suga da ke kan magani, ya fara ganin likitansa kafin ya ƙara azumin nafila. Akwai wata tambayar? Malam, a miƙa masa lasifikar.