Wa Ya Canza Wa Kaka Suna a Tsibirin Ellis?

Maganar nan ta sake tasowa a intanet, kuma kusan iri ɗaya kowa ke faɗinta: wai kakansu ya sauka a Tsibirin Ellis, tashar tantance baƙin da ke shiga Amurka ta New York, ma'aikaci ya kasa furta sunansa, sai ya ƙaƙaba masa wani. Iyalai da yawa a Amurka sun gaji wannan labari. Yana da daɗin ji, amma takardu ba su goyi bayansa ba, kuma wanda ya riƙe shi zai daɗe yana neman kakansa a inda ba ya nan.

Mai neman kakansa ya fara da maƙabarta. A ce ga dutsen kabarin, gansakuka ta cinye rabin rubutun. Don Allah kada a kawo burushin ƙarfe ko bilic, dutsen da ya shekara 100 ba ya jure su. A haska tocila daga gefe. Za ku ga yadda haruffan za su taso. A ɗauki hoton gaba da baya, da kaburburan da ke kewaye, domin dangi kan kwanta kusa da juna. Ranar rasuwa abin dogaro ce. Shekarar haihuwa kuwa a yi taka-tsantsan da ita, don 'ya'ya ne suka faɗe ta cikin jimami, da ka.

Sai ƙidayar jama'ar Amurka, a gurguje. Daga ta 1900 zuwa ta 1930 an riƙa tambayar baƙo shekarar da ya shigo ƙasar. Ta 1890 kada ku wahalar da kanku, gobarar 1921 a Washington ta cinye yawancinta. Ana buɗe kowace ƙidaya bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ta fito a 2022.

To, nan ne gizo ke saƙa.

Tsakanin 1892 da 1954, mutane sama da miliyan 12 sun bi ta Tsibirin Ellis. Akwai wata faffaɗar takarda, jerin fasinjojin jirgin ruwa ce. Ba a New York aka rubuta ta ba. Akawun kamfanin jirgi ne ya cike ta tun a tashar tashi, a Hamburg ko Bremen ko Naples ko Liverpool, kafin jirgi ya ɗaga. Da isowa sai a miƙa ta ga hukuma. Akwai kuma ɗan katin da ake maƙala wa baƙo a riga. Lambar shafi ce da lambar layin da sunansa yake. Aikin jami'i shi ne ya buɗe wannan layi, ya maimaita tambayoyin, ya ga ko amsa ta dace da abin da ke rubuce. Ba ya ba kowa takarda mai sabon suna.

Batun rashin jin yare ma bai tsaya ba. Akwai tafintoci, cikinsu har da Fiorello La Guardia, wanda ya yi aikin daga 1907 zuwa 1910 kafin daga baya ya zama magajin garin New York. Kuma a ranar 17 ga Afrilu 1907 kaɗai mutum 11,747 aka tantance. Wa ke da lokacin raɗa wa wani suna a irin wannan cinkoso?

To wa ya canza? Yawanci shi kakan da kansa, bayan ya zauna. Shugaban aiki a masana'anta ya gajarta, malamar makaranta ta rubuta wa yara yadda ta ji, shi kuma yana son aiki da zaman lafiya da maƙwabta. Giuseppe ya koma Joseph, Schmidt ya koma Smith. Ni dai wannan ya fi taɓa ni, domin zaɓi ne da mutum ya yi don 'ya'yansa su samu shiga.

Ga abin da hakan ke nufi ga mai bincike. Sunan da ke kan dutse shi ne na ƙarshe, wanda ke cikin jirgi shi ne na farko. Idan ka zuba na ƙarshe a rumbun jerin fasinjoji, ko dai ka tashi a tutar babu, ko ka ɗauko wani daban. Kana buƙatar takardar da ta haɗa sunayen biyu.

Mafi kyawunta ita ce ta neman zama ɗan ƙasa. Daga 27 ga Satumba 1906 aka daidaita fom ɗin a duk Amurka: garin haihuwa, sunan jirgi, tashar sauka, ranar sauka. Ga waɗanda suka iso bayan wannan doka, akan haɗa da shaidar isowa, kuma ita tana ɗauke da sunan da mutum ya shigo da shi. Idan kakar mace ce, a nemi takardar mijin, domin kafin 1922 matar aure ta hannunsa take samun ɗan ƙasanci.

Wani lokaci dutsen ma ya faɗa, ba a dai karanta ba. A kaburburan Yahudawa, rubutun Ibraniyanci na ba da sunan asali da na mahaifi, kuma ƙofar sashen maƙabartar kan ɗauki sunan garin da ƙungiyar da ta mallaki sashen ta fito. 'Yan Ireland da dama sun sa an sassaƙa gundumarsu.

Idan an samu layin kakan a jerin fasinjoji, kada a tsaya ga abin da aka buga da kwamfuta, don mai kwafewa kan yi tuntuɓe da tsohon rubutun hannu. A buɗe hoton asali, a leƙa shafi na biyu ma idan akwai. Daga 1907 akwai gurbin suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da aka baro a gida. Wannan gurbi zinariya ne.

Suna ɗaya ma yana ruɗi. Annie Moore, 'yar Cork a Ireland, ita ce ta farko da aka yi wa rajista a tsibirin ranar 1 ga Janairu 1892, tare da ƙannenta maza biyu. An yi shekaru ana ba da tarihin wata Annie Moore ta Texas a matsayin nata. Sai a 2006 masu binciken nasaba suka gano ba ta bar New York ba, ta rasu a 1924, tana maƙabartar Calvary a Queens cikin kabarin da ba ko alama. A 2008 aka kafa mata dutse. Saboda haka a gwada shekaru, da abokan tafiya, da wanda mutum ya ce zai sauka wurinsa.

Da sunan asali da sunan ƙauye a hannu, sai a tsallaka teku. Jerin masu tashi daga Hamburg na 1850 zuwa 1934 yana nan, yawancin na Bremen sun salwanta. Shafin binciken nasaba na FamilySearch na da hotunan littattafan coci da na rajistar haihuwa masu yawa, kyauta. Idan garin yana ƙarƙashin Daular Rasha ne, kada saɓanin kwana 12 ko 13 a ranar haihuwa ya tsorata ku, tsohuwar kalanda suke bi har zuwa 1918.