Sankarar ƙwan mace: ki tambayi dangin mahaifinki ma

Salamu alaikum 'yan'uwana mata, da mazan da ke kallo tare da su.

A nan Zariya, in kika tambayi dattijuwa abin da ya yi ajalin yayarta, sau da yawa za ta ce miki: "Ciwon ciki ne, cikin ya kumbura, kwana ya ƙare." Allah ya jiƙan magabata. Sai dai a cikin irin wannan kumburin akwai wanda sankarar ƙwan mace ce, kuma sanin hakan zai iya ceton jikokinta.

Ma'ajiyar ƙwan guda biyu ce, dama da hagu na mahaifa, kowacce kamar girman dabino. Cikin mata 100, ɗaya ko biyu ne kan kamu da sankara a wurin tsawon rayuwarsu. Gado ne ke sauya wannan lissafi. A 1994 masana suka gano ƙwayar halitta mai suna BRCA1, a 1995 kuma BRCA2. Aikinsu gyara ɓarnar da ke aukuwa a cikin ƙwayoyin jiki. Idan mace ta gaji BRCA1 mai naƙasu, cikin irinta 100 kusan 40 za su kamu. Mai BRCA2 kuwa tsakanin 11 da 17.

Ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau. Uba ma yana ba da wannan gadon, ko da shi lafiyarsa ƙalau. Duk ɗan da ya haifa, ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi ne. Saboda haka kada tambayarki ta tsaya a ɗakin Inna. Goggonki fa? Kakarki ta wajen uba fa? Akwai wadda aka cire wa nono tun ba ta kai 50 ba? Sankarar mama da ta ƙwai sukan bi gida ɗaya. 'Yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta rasa mahaifiyarta a 2007, gwaji ya nuna ita Jolie tana ɗauke da BRCA1 mai naƙasu, a 2015 likitoci suka cire mata ma'ajiyar ƙwan tun cutar ba ta taso ba.

Sai sinadaran jiki, waɗanda likitoci ke kira homon. Duk wata da ƙwai ya fita, bangon wurin kan ɗan tsage ya warke, kuma yawan maimaituwar hakan na ƙara haɗari. Juna biyu na dakatar da fitar ƙwai, shayarwa ma haka, don haka al'adarmu ta jinkirta yaye tana da rana. Ƙwayar tazarar haihuwa ita ma tana rage haɗarin, kariyar kuma na daɗewa shekaru bayan an daina sha, amma mai hawan jini ta fara shawara da likita. Maganin homon da wasu ke sha bayan al'ada ta ɗauke yana ɗan ƙarawa. Don Allah kada a mayar da wannan bayani gori ga wadda Allah bai ba haihuwa ba. Kulawa take buƙata.

Abinci fa? Babu tuwo ko miyar da aka tabbatar tana haddasa cutar, babu kuma jiƙon da ke hana ta. Ƙiba mai yawa ce aka danganta da ita.

Idan cikinki ya kwashe makonni a kumbure, kina ƙoshi da loma biyu, mara na ciwo, fitsari na yawan matsa miki, kada ki tsaya ga kanwa da maganin olsa, musamman in al'ada ta ɗauke. Gwajin bakin mahaifa ba ya gano wannan cutar, hoton ciki da gwajin jini na CA-125 ake fara yi. Ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ɓangaren mata. Kafin ki fita, ki zauna da Goggo, ki rubuta a takarda wa ya yi ciwon, a wane wuri, tana da shekara nawa, ki miƙa wa likita.