Wa Ya Taɓa Rigata?

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka ɗauka a wani taron ma'aikatan ikkilisiya a garin Gombe.)

Baba Fasto, dattawa, iyayena na Zumuntar Mata, matasa, salama a gare ku. An ba ni minti 30 in yi magana a kan rage gaggawa, kuma tun kafin in hau nan an riga an raɗa mini cewa in yi sauri. To, kun ga inda matsalar take.

Ku buɗe Markus sura 5, daga aya 21. Yayirus, shugaban majami'a, ya faɗi a gaban Yesu, 'yarsa mai shekara 12 tana bakin mutuwa. Idan akwai ranar da sauri ya halatta, ai ranar ce. Suna tafe, jama'a na ta matsa Yesu, sai wata mace da ta shekara 12 tana zubar da jini, wadda ta ƙarar da duk abin hannunta wurin masu magani, ta lallaɓo ta baya ta taɓa rigarsa. Nan take ta warke. Da ni ne, sai in ce aiki ya yi kyau, mu wuce. Yesu kuwa ya ja ya tsaya yana tambayar wa ya taɓa shi. Almajirai har suka ji haushi. Markus ya ce matar ta faɗa masa gaskiyar duka. Iyayena mata, ku kun san labarin ciwon shekara 12 ba a minti 2 ake ba da shi ba. Yayirus yana tsaye yana ji, zuciyarsa na gida. Ana cikin haka aka zo aka ce yarinya ta rasu, kada a wahalar da Malam.

Mun san ƙarshen: ya je, ya kama hannunta, ta tashi, har ya ce a ba ta abinci. Amma ni tsayuwar nan ce take damuna, domin na san ni ba na tsayawa.

Bara na je gaida wani dattijonmu da ke kwance a asibiti. Na shigo da gudu daga taron kwamiti, wani taron na jira na a Tumfure, mai keke ma na ce ya jira ni a bakin ƙofa. Na yi addu'a mai zafi, na ce amin, hannuna ya riga ya shiga aljihu yana laluben waya. Sai tsohon ya riƙe mini hannu ya ce, ɗana, zauna mana, ko kujerar tana da ƙaya? Na zauna, amma rabin zama, a bakin kujera. Ya fara ba ni labarin yadda mahaifinsa ya koyi karatu a Kaltungo, inda mishan na SIM, wato masu wa'azin bishara na Sudan Interior Mission, suka sauka tun 1917, da yadda mutanen wancan zamani suke zama a gindin bishiya da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, a karanta aya ɗaya a yi ta juya ta har rana ta faɗi. Ban bari ya gama ba. Na ce Baba, zan dawo jibi. Jibin nan jana'izarsa na zo.

Kada ku ce kasuwa ce kawai ko ofis ke cinye mu. Wani lokaci aikin Ubangiji ne da kansa. Litinin kwamiti, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'a, Alhamis koyon waƙa, Asabar biki ko gaisuwar mutuwa a Billiri, Lahadi sujada 2 da taron kuɗi a bayansu. Yaranmu sun san muryarmu a lasifika fiye da a tsakar gida. Addu'ar safe ta koma jimla 3 ana ɗaure takalmi. A Markus 6 aya 31, almajirai ba su da zarafin cin abinci saboda hidima, kuma Yesu bai yaba musu ba, ya ce su keɓe su ɗan huta.

Wani zai ce, Malam, tsadar rayuwa ce, in ban yi gudu ba yara ba za su ci ba. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Sai dai ku duba Maimaitawar Shari'a sura 5. Dalilin da aka bayar a can na kiyaye ranar hutu shi ne, kun taɓa zama bayi a Masar. Bawa ne ba ya iya ajiye aiki. Kuma hutun bai tsaya kan maigida ba, an ambaci bawa da baiwa, har da shanu da jaki. Saboda haka Mama, in kin zo sujada kin bar 'yar aikinki da tulin wanki tun asuba, ke kika huta, gidanki bai huta ba.

Ni abin da na fara tun bayan jana'izar nan ƙarami ne. Ba na taɓa waya sai na karanta zabura ɗaya da ƙarfi, a hankali. Na ajiye kwamiti 2 daga cikin 5, kuma, abin da ya ɗan ƙona mini rai, babu abin da ya rushe. In na je gaida mara lafiya, sai in sallami mai keke tun a ƙofa.

Baba Sakatare yana nuna mini agogo. Na gani, Baba. Kafin mu shiga tambayoyi, ina roƙon kowa ya kifa wayarsa a kan cinya, mu yi shiru na minti 3. Masu kiɗa, ku ma ku ajiye.