Raha da Haɗari a Shirin The Man from U.N.C.L.E.

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai da sauran masu sauraro. Maganata a yau ta shafi wani shirin talabijin na Amurka mai suna The Man from U.N.C.L.E., wanda tashar NBC ta fara nunawa a ranar 22 ga Satumba 1964, aka kuma dakatar da shi a watan Janairun 1968 bayan an nuna kashi 105. Shiri ne na leƙen asiri mai cike da raha, kuma abin da nake so mu duba shi ne yadda rahar ta ɗaukaka shi, sannan daga baya ta zama sanadin faɗuwarsa.

Sai mu tuna da zamanin da aka yi shi. Shekara biyu kacal kafin fitowarsa, wato a 1962, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kusa gwabza yaƙin nukiliya a kan makamai masu linzami da aka girke a Kyuba. Ana tsakiyar wannan yaƙin cacar baka ne Norman Felton da Sam Rolfe suka kawo labarin wata hukuma ta ƙasa da ƙasa da ake kira U.N.C.L.E., inda Ba'amurke mai suna Napoleon Solo yake aiki kafaɗa da kafaɗa da ɗan Rasha mai suna Illya Kuryakin, a ƙarƙashin wani dattijo Baturen Ingila, Alexander Waverly. Abokiyar gabarsu kuwa ba wata ƙasa ba ce, ƙungiya ce ta miyagu da ake kira THRUSH, wadda burinta shi ne ta mallake duniya baki ɗaya. A ganina wannan ba ƙaramar jarunta ba ce, domin an shigar da ɗan Sobiyet cikin falon Amurkawa a matsayin amini abin dogaro, a lokacin da yawancinsu suke ɗaukar mutanen ƙasarsa a matsayin maƙiya. Abin sha'awa ma shi ne, tun farko ƙaramin matsayi aka tanadar wa David McCallum, ɗan ƙasar Sikotland da ya fito a matsayin Kuryakin, amma ƙaunar da masu kallo suka nuna masa ta sa aka ɗaga shi ya zama daidai da Robert Vaughn, wanda ya fito a matsayin Solo.

Rahar shirin tana cikin tsarinsa ne. Hedikwatar hukumar tana birnin New York, amma jami'ai kan shiga ta ne ta shagon wani tela mai suna Del Floria, su wuce ɗakin gwada kaya, wata ƙofar sirri ta buɗe musu. Suna tuntuɓar juna da na'ura mai siffar alƙalami. Abin da ya fi burge ni shi ne, kusan kowane kashi yakan jawo wani mutum da bai san hawa ba bai san sauka ba, matar aure ko malamar makaranta, ya tsinci kansa a tsakiyar aikin asiri. Mai kallo yakan ga kansa a jikin wannan mutum, ya yi dariya da ruɗewarsa, amma kuma ya ji masa tsoro da gaske, domin a shekarar farko, wadda aka ɗauka da hoto baƙi da fari, harsashi yana kisa kuma miyagun suna da ban tsoro.

Matsalar ta zo ne bayan shirin Batman ya fito a 1966 ya samu karɓuwa da salon barkwanci tsantsa. Masu shirya U.N.C.L.E. suka bi sahu a shekara ta uku, suka cika labaran da shirme, har THRUSH ta koma abin dariya. Da haɗarin ya gushe, sai rahar ta rasa abin da za ta jingina da shi, masu kallo kuwa suka fara janyewa. A shekara ta huɗu an yi ƙoƙarin komawa ga salon farko, aka rage wasa aka ƙara tsanani, sai dai jama'a sun riga sun juya baya, NBC kuma ta tsayar da shirin tun shekarar ba ta ƙare ba.