Jawabin Maraba ga Baba Bishop a Sujadar Fentikos da Tabbatarwa

Mai girma Baba Bishop da Mama uwargidansa, Rabaran namu, dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata, matasa da mawaƙa, da maƙwabtanmu da suka zo taya mu murna: salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku.

Baba, sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san halin hanyar ƙauyen nan da zarar damina ta sauka, amma hakan bai hana ka zuwa ba. Allah ya saka da alheri.

A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, da labari ya kai Urushalima cewa Samariyawa sun karɓi Maganar Allah, sai aka aika musu da Bitrus da Yahaya, suka yi musu addu'a, suka ɗora musu hannu, suka karɓi Ruhu Mai Tsarki. Ga 'ya'yanmu nan a layin gaba sanye da fararen kaya, irin wannan ɗora hannu suke jira daga wurinka. Sun haddace Shaidar Bangaskiya, inda muke furta cewa mun gaskata da Ruhu Mai Tsarki, jim kaɗan mu ce mun gaskata da gafarar zunubai. Haka ma Bitrus ya haɗa su ranar Fentikos: a tuba, a yi baftisma domin gafarar zunubai, a sami baiwar Ruhu. Mutum wajen 3,000 suka amsa a ranar. Tun 1932, da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bayan doguwar wahalar Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa, iyayenmu suke karanta wannan alkawari da harshensu.

Sai dai Baba, ba a ɓoye wa uba ciwo. Karɓar gafara daga wurin Allah ya fi mana sauƙi a kan miƙa ta ga ɗan'uwa. A cikinmu akwai waɗanda suka sayar da shanu da hatsi don fansar nasu daga daji, akwai gwauraye da marayu. Akwai kuma gidajen da iyakar gona ta raba har ba sa gaisawa, alhali ƙoƙo ɗaya suke sha a Jibin Ubangiji. Wannan na ƙarshen ya fi damun dattawa, domin a hannunmu yake.

Abin da ke ƙarfafa mu shi ne Yahaya sura ta 20. Almajirai sun kulle ƙofa don tsoro, yawancinsu sun gudu sun bar Ubangiji a daren da aka kama shi, Bitrus ma ya yi musun saninsa sau uku. Duk da haka Yesu ya tsaya a tsakiyarsu da sallama, ya hura musu numfashi, ya ba su Ruhu Mai Tsarki, sannan ya danƙa musu maganar gafarta zunubai. Sai da ya ba su Ruhu kafin ya ɗora musu aikin, gama zuciyar da aka ƙona ba ta iya yafewa da ƙarfin kanta.

Roƙonmu ke nan, Baba: ka koya mana wannan a wa'azinka ba tare da sassauci ba, kuma bayan sujada ka ba gidajen nan ɗan lokaci ka zauna da su tare da Rabaran. Sun yarda za su zo.

Yanzu jama'a su miƙe tsaye, Zumuntar Mata ta tarbi Baba da waƙa.